Kwana Shidan da Na Ƙara wa Kyalla

Na san akwai wanda zai ji cewa labarin jinyar karya zan bayar ya taɓe baki. To, ya taɓe. Na yi jinyar mutane a rayuwata, har mahaifina a hannuna ya cika, amma babu jinyar da nake juyawa a rai har tsufana kamar wannan, domin a waccan ba ni da laifi, a wannan kuwa ina da shi. Saboda masu lambu da makiyaya da duk wanda yake ajiye karya don tsaro nake rubuta wannan, kada wani ya yi irin lissafin da na yi.

Zamanin Turawa ne. Ƙauyenmu yana bakin fadama, tsakanin Auyo da Haɗeja. Da damina mu shuka shinkafa, ruwa ya janye mu koma lambu, albasa da alkama da kabewa. Wanda bai taɓa wayar gari ya tarar gadu ya tone masa fagen albasa kaf ba, ba zai gane abin da kare yake nufi a wurinmu ba. Tawa karyar sunanta Kyalla, ja ce mai farin goshi, ta kai shekara shida a hannuna. Tun da ta yi ƙarfi, gadu ko biri bai sake yi mini ɓarna ba. Ba ta shiga ɗaki, ba ta taɓa ƙwaryar mutane. Matata Ladi daga nesa take jefa mata ƙanzo, kuma a duk shekarun nan ko da yatsa ba ta taɓa ta ba.

A daminar da nake magana, mahaukacin kare ya ciji wani a ƙauyen da ke gabas da mu. Dagaci ya sa aka yi shela cewa duk karnukan da aka gani sun yi gungu suna yawo, kashe su za a yi, ba a tambayar mai su. Ko sati ba a yi da shelar ba lokacin barbarar Kyalla ya zo. Gabanta ya kumbura, jini yana ɗiga kaɗan-kaɗan inda ta zauna, ta kasa zama wuri ɗaya. Kafin kwana biyu duk karen da ke ƙauyen, har da waɗanda ban taɓa gani ba, ya tare a bayan dangata. Suka yage mini zana biyu, suna faɗa suna kuka, maƙwabta suna aiko mini da magana. Tsoro ya kama ni, don na san in masu kisan karnuka suka zo da kulakensu ba za su tsaya tantance wace ce mai gida, wane ne baƙo ba.

Muna da dabararmu ta fadama tun kakanni. In karya ta shiga wannan hali ruwa yana cike, sai a ɗauke ta a kwalekwale a kai ta wani tudu a tsakiyar ruwa, ta zauna can har abin ya wuce. Haka na yi. Akwai wani tudu mai tsamiya ɗaya da masunta suke hutawa a kai, nesa da gaɓa sosai. Na kafa mata 'yar bukka, na ɗaure ta da doguwar igiya, don ranar farko da na juya kwalekwale faɗawa ruwa ta yi ta biyo ni. Kullum da safe in kai mata abinci, in zauna kaɗan, in dawo ina jin kukanta har na yi nisa. Sati uku ta yi a can. Da kumburin ya saɓe, jinin ya tsaya, na dawo da ita gida ina yi wa kaina kirarin mai dabara.

Sati biyu na farko lafiya lau. A na uku ne na fara lura da shan ruwanta. In na cika mata kasko, kafin in juya ta shanye, ta bi ni da ido. In muka je gona, ba ta bin sawun komai, bakin ruwa take nufa ta kafa kai. Fitsari kuwa ko'ina. Na ce zafi ne na ƙarshen damina, kowa ma yana shan ruwa. A sati na huɗu cikinta ya fara fitowa.

Akwai wani tsohon maharbi a ƙauyenmu, Baushe Tanko, mutumin da in ya yi magana a kan dabba ba mai ja da shi. Ya gan ta kwance a ƙofar gida, ya tsaya ya dogara da sandarsa.

"Ɗanjuma, karyar nan taka ciki gare ta."

Na ce, "Haba Baba, ina ta samo shi? Sati uku tana tudu. Wane kare ne zai yi wannan ninƙaya?"

Ya yi dariya har da tari. "Wa ya ce maka kare? Dila ne, yaro. Dila yana jin warin karya daga nisan da ba ka zato, kuma ruwa ba ya tare shi. Sau ɗaya na taɓa ganin irin wannan ɗan a hannun maigidana. Ba a yi dabbar da take ɓuyar masa a daji ba. In ta sauka, ni ne na farko a zaɓi, ka ji ko?"

Kafin Juma'a magana ta zaga. Mutanen da suke jifan Kyalla da hoge in ta gifta su ne suke leƙowa suna cewa, "Ina kwanan mai ciki?" Maharba biyu suka taso tun daga wajen Kirikasamma don su kama nasu tun ba a haifa ba. Ni da ba a taɓa neman shawarata a kan komai ba, sai ga manya suna shimfiɗa buzu a ƙofar gidana. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Gefen tudun nan duk laka ce mai laushi, ko tsuntsu ya sauka sai ya bar sawu. Kullum da na je sai na zagaya shi ina dubawa, don tsoron kada ko kura. Ban taɓa ganin sawun wata dabba mai ƙafa huɗu ba sai nata. Na san haka sarai. Amma Baushe ya faɗa, mutane sun yarda, ni kuma ina son ya zama gaskiya, sai na ce a raina wataƙila ruwa ne ya shafe. Na kama lissafi daga Juma'ar da ta faɗo a tsakiyar zamanta a tudu. Karya Juma'a tara take yi ta haihu, kowa ya san wannan.

A Juma'a ta shida ta daina cin ƙanzo. Na jiƙa mata tuwo da romon kifi, ta lasa sau biyu ta kau da kai, can anjima ta amayar da abin da ta lasa. Ruwa kawai take sha. Bayanta ya rame har ana ƙirga ƙashin, cikin kuwa yana ta ƙaruwa. Masu shawara suka yi mini caa. Gwaggona ta ce kunun kanwa za a ɗura mata, tunda shi ake ba mai jego, mai ciki ma zai yi mata. Yayana ya ce in kai ta daji in yar tun ba ta jawo mana wata cuta ba. Baushe ya kawo wani sassaƙe ya ce in jiƙa, wai 'ya'yan dawa zafi gare su a ciki, dole uwa ta sha wuya. Na ɗura kunun, na ɗura jiƙon, duk ta dawo da su. Na yanka mata kaza guda, abin da ko ni ban ci ba tun Sallah, ta shinshina ta bar wa ƙuda. Shinkafata kuwa ta nuna, tsuntsaye suna ta biki a kai, ni ina gida ina gadin ciki.

A sati na bakwai wari ya fara. Wani ruwa yake fita daga gabanta, mai kauri, launinsa kamar ruwan da aka wanke nama, ƙuda suna binta duk inda ta ja jiki. Tana ta lasar wurin har ta gaji. Raina ya soma tashi. In na kwanta ba na samun barci, in na tashi abin da nake fara dubawa ke nan, ko tana numfashi.

Wata safiya Ladi tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta tsaya tana kallonta. Sai kawai na ga ta je ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta a kan cikin Kyalla. Ta daɗe a haka, tana matsa nan tana matsa can.

Na ce, "Ladi, karya ce fa."

"Na sani, Malam. Zan wanke hannu, ruwa bai ƙare a fadama ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ciki biyar na yi a gidan nan. Akuyoyina ma ba su ƙirguwa. Abin da yake da rai yana motsi. Wannan ba ya motsi, kuma ban taɓa jin ciki mai wari ba sai wanda ya lalace. Ka kai ta wurin masu allurar shanu."

"Baushe ya ce..."

"Baushe ya taɓa haihuwa?"

Duk da haka sai da na ƙara kwanaki ina jan ƙafa. Ranar Asabar, bayan Juma'a ta takwas, na sa ta a babban kwando na shimfiɗa mata buhu, muka haye ruwa, na ari jaki a wancan ƙetaren muka nufi Haɗeja. A bayan gari ake yin allurar shanu a lokacin, an kafa rumfuna da shinge. Ban taɓa ganin layi irin wannan ba. Fulani da garkunansu tun daga bakin shinge har inda ido ya ƙare, ga masu jakuna da gyambo a baya, ga masu raƙuma. Ni kaɗai ne mai kare. Wani ya leƙa kwandon ya ce, "Sannu da jego," aka kwashe da dariya. Tun hantsi nake tsaye. Da azahar aka kawo dokin wani mai hali, ba a ko tsaya ba aka wuce da shi gaba, ba wanda ya ce uffan. Kyalla tana haki, ruwan gorata ya ƙare. Wani dattijon Bafulatani da ban san sunansa ba har yau ya tsiyaya mata nasa, ya ce in shiga gabansa, shanunsa tsaye suke da ƙafarsu. Allah ya saka masa, ko yana raye ko ya riga mu.

Malamin dabbobin da ya karɓe ni sunansa Malam Bukar, mutum mai furfura a gemu, ba ya son dogon zance. Bai yi mini dariya ba. Ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi, ya matsa cikin, ya shinshina ruwan da yake fita. Ya tambaye ni yaushe ta gama barbara, yaushe ta fara yawan shan ruwa. Sannan ya kira Baturen, likitan da ke kansu. Baturen ya durƙusa ya yi nasa dube-duben, suka yi magana da Turanci, Malam Bukar ya juyo gare ni.

"Malam Ɗanjuma, ba 'ya'ya ba ne. Mahaifarta ce ta zama salkar mugunya. Yakan sami karya bayan barbara, ko namiji ya hau ta ko bai hau ba, musamman in ta fara manyanta. In salkar ta fashe a ciki, shi ke nan. Ko ba ta fashe ba, dafin yana bin jini yana cin ƙoda. Shi ya sa take shan ruwa haka."

Salkar mugunya. Kalmar nan ta zauna mini a kunne har yau.

Na ce, "To mene ne maganin?"

"A tsaga ciki a cire mahaifar gaba ɗaya. Likita ya ce ka kwana a nan, gobe da safe zai yi mata. Turawa ma tun karyarsu tana lafiya suke cirewa, su huta da taron karnuka, su huta da wannan ciwo. Ba za ta ƙara haihuwa ba, amma tsaron lambu ba da mahaifa ake yin sa ba."

Mun san fiɗiyar bunsuru, mun san dandaƙar sa, amma ban taɓa jin an buɗe cikin macen dabba an ɗinke ta tashi ba. Sai kuma fuskokin mutanen da suka kama 'ya'ya suka faɗo mini a rai.

"Malam, in kuma akwai 'ya'yan fa?"

"Babu."

"Ka gani da idonka?"

Mutum ne mai gaskiya, shi ya sa ya ce, "Ido ba ya shiga ciki. Amma hannuna ya taɓa irin wannan ba sau ɗaya ba."

Wannan 'yar kafar da ya bari, ta nan na sulale. Na ƙirga a yatsu, saura kwana shida Juma'a ta tara ta cika. Na ce a ba ni kwana shidan nan, in ba ta haihu ba zan dawo da ita a yi duk abin da za a yi. Malam Bukar ya dube ni kamar zai mare ni.

"Likita zai fita rangadi ranar Talata, ba zai dawo ba sai bayan wata guda. Kai kake da kwana shida. Ita ban ce tana da su ba."

Na nace. Ya ƙulle mini wasu fararen ƙwayoyi a takarda, ya ce in daka in ba ta safe da yamma, amma in sani ba su ne maganin ba. Bai amsa sallamata ba da zan tafi.

Kwana shidan nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Ranar Lahadi na je wurin limaminmu, na tambaye shi ko ya halatta a cire wa dabba mahaifa, ba canza halittar Allah ba ne? Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗanjuma, raba dabba da azaba lada ne, barinta a cikinta kuma abin tambaya ne ranar gobe. Kai dai so kake in ce maka haramun ne ka samu inda za ka jingina. Ba zan ce ba." Na fito ina jin haushinsa. Baushe kuwa da ya ji labari cewa ya yi, "Ka tsira, yaro. Baturen nan labari ya kai masa, so yake ya ciro 'ya'yan ya tafi da su ƙasarsu." Maganar banza ce, ko a lokacin na san ta banza ce, amma ita na riƙe.

Ranar Litinin Kyalla ta ja jiki ta shiga ƙarƙashin rumbu tana tonon rami da ƙafafun gaba, irin yadda karya take yi in haihuwa ta matso. Na duba nonuwanta, har da ɗan ruwa-ruwa. Na ruga na kira Ladi. Ta duba, ta ce, "Allah ya sa," ta koma bakin murhu. Daga baya Malam Bukar ya gaya mini cewa jikin karya yakan yi duk wannan bayan barbara ko babu komai a ciki. Talata ta zo ta wuce, na san Bature ya tafi, na ji kamar an rufe ƙofa a bayana. Ranar Laraba ruwan nan mai wari ya tsaya cak. Na yi murna, na ce ƙwayoyi sun yi aiki. Ashe bakin mahaifar ne ya toshe, abin da yake fita ya koma taruwa a ciki. Ranar Alhamis cikin ya yi tauri kamar ganga, in na taɓa sai ta yi wani ɗan nishi. Ko ruwan ma in ta sha sai ya dawo.

Ranar Juma'a ban je masallaci ba. Na zauna a gindin rumbu tun safe har rana ta faɗi ina jira. Ba naƙuda, ba komai. Na kira sunanta, ta motsa jela sau ɗaya, ta kasa ɗaga kai. Na ɗaga leɓenta kamar yadda na ga Malam Bukar ya yi, dasashin fari fat. Ladi ta ajiye mini tuwo a gefe ta juya. Yini biyu ke nan ba ta yi mini magana ba.

Ranar Asabar na sake kama hanyar Haɗeja, wannan karon a kafaɗa na ɗauki kwandon duk inda jaki ya rage sauri. Garkunan sun ragu, layin ba shi da tsawo. Malam Bukar ya leƙa kwandon, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Shekara goma sha huɗu ina riƙe wa Turawa kayan aiki," in ji shi. "Na ga an yi wannan a gabana sau da yawa, ni nake miƙa wuƙa, ni nake yanke zare. Amma ba a taɓa bari na tsaga da hannuna ba, kuma ba a ba ni izini ba. In aka ji, ina iya rasa aikina."

Na ce, "Malam, ba ni da bakin roƙonka. Ni na ɓata."

Ya naɗe hannun rigarsa. Sannan ya ce, "In na bar ta, ba za ta kai gobe ba. Ɗauko ta. Kai za ka riƙe."

A kan wani tebur a cikin rumfa aka yi. Ya tafasa kayan aikinsa a tukunya, ya aske cikin, ya shafa jan magani. Ya ɗiga wani ruwa mai hawa kai, na sa barci, a ƙyalle ya ce in riƙe mata a hanci, in sa ɗaya hannun a ƙirjinta, in na ji bugun ya canza in gaya masa. Ya yi bisimilla ya tsaga. Gumi yana zuba daga gemunsa, amma hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Da ya ciro mahaifar sai da na kau da kai, reshe biyu ce, kowanne ya kai kaurin damtsena, ta yi sheƙi kamar za ta fashe. Ya ɗaure, ya yanke, ya sa ta a kwano, ya ɗinke cikin a hankali.

Abin kunyar da na yi a nan ma zan faɗa. Bayan duk wannan, da bakina na ce, "Malam, ko za a buɗe a gani?" Ya sa wuƙa ya tsaga ta a cikin kwanon. Mugunya ce zalla, har ta kusa cika kwanon, warin ya kori mutanen da ke leƙe. Ko alamar ɗa babu.

Na zo masa da ɗaurin busasshen kifi, ya ƙi karɓa, ya ce in kai wa marar lafiya. Ya ce, "Aiki ya yi kyau, salkar ba ta fashe ba. Saura ƙoda. Ka riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Abin da za ka sa wa ido shi ne fitsari. In tana yi, a gode wa Allah. Bayan kwana goma zan zo da kaina in cire zaren."

Muka kwana a rumfar, washegari na kawo ta gida. Ladi ta riga ta share gefen ɗakin girki ta shimfiɗa tsohon zanenta, ta ce a nan za a kwantar da ita, ƙuda sun fi yawa a waje. Ita ta karɓi jinyar. Da ludayi take ɗiga mata ruwa a gefen baki, ta goge mata ɗinkin da ruwan gishiri mai ɗumi, ta juya ta in ta gaji da kwanciya a gefe ɗaya. Ranar farko Kyalla ta ɗaga kai, ta lashi romo har sau biyar, na ƙirga. Na fita bayan gida na yi kuka don murna. Rana ta biyu ta yi ɗan fitsari, bai fi cikin ludayi ba, ja kamar ruwan kanwa. Daga nan bai sake zuwa ba. Ban taɓa zaton zan zauna ina roƙon Allah fitsarin karya ba, amma na yi, ina ɗaga zanen ina dubawa kamar mahaukaci. Bakinta ya soma wani irin wari, idanunta suka faɗa. Rana ta uku da hantsi, Ladi tana riƙe da ludayi, ta ja numfashi biyu masu tsawo, ta tsaya.

A wurinmu mushen kare daji ake ja a kai a bar wa ungulu. Ni na haƙa mata rami a gefen lambu na rufe. Ba a yi wa mutum ta'aziyyar kare, don haka ba wanda ya yi mini. Baushe Tanko ya daina bi ta ƙofar gidana, ya koma zagayawa ta bayan masallaci.

Ina godiya ga Ladi, wadda ta fi ni ido kuma ta fi ni tausayi, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Ina da ƙorafi kuma, ba zan haɗiye shi ba. Ƙasa mai faɗin tamu a ce likita ɗaya ne yake da izinin riƙe wuƙa, in ya fita rangadi sai dai dabba ta jira shi ko ta mutu, alhali ga mai hannu a zaune an hana shi. Kuma ba wanda ya taɓa zagayowa ƙauye ya gaya mana akwai irin wannan ciwo. To ni ina gaya muku. In karyarku ta gama barbara, bayan 'yan makonni kuka ga tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta bar abinci, ciki yana girma baya yana ramewa, ko da wari ko babu, kada ku tsaya ƙirga Juma'a. In kuma ba 'ya'yanta kuke nema ba, tsaronta kuke so, ku kai a cire mahaifar tun tana da ƙarfinta.

Ranar da kwana goma suka cika, da la'asar, ina zaune a ƙofar gida da mutane, har da biyu daga cikin waɗanda suka kama 'ya'ya, sai ga Malam Bukar a kan keke, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya jingine keken, ya yi sallama, ya buɗe jaka ya ciro ɗan almakashi. Yana murmushi, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ina marar lafiyar tawa?"

Ya dubi fuskata, murmushin ya tafi. Ya zauna a bakin dakali.

"Yaushe?"

"Kwana uku ta yi a gida, Malam."

Ya daɗe yana juya almakashin a hannu. "Na sani," in ji shi a hankali. "Hannuna ne. Da Likita ne ya yi da ta tashi. Akwai dalilin da ya sa ba sa ba mu wuƙa. Ba zan ƙara ba."

Da na yi shiru, da magana ta ƙare a nan. Mutanen da ke zaune har sun fara gyaɗa kai, na ga alama gobe labarin da zai zaga shi ne malamin dabbobi ya yanka karyar Ɗanjuma ta mutu, ni kuma in fita fes. Na miƙe tsaye don kowa ya ji.

"Malam Bukar, ba hannunka ba ne. Ɗinkinka ko ruwa bai yi ba har ta cika. Kun ce mini gobe da safe, na ce sai bayan kwana shida, saboda ina jiran 'ya'yan dila da na san babu su. Kai ka ba ta kwana uku. Ni na kashe ta."

Ɗaya daga cikin maharban ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Malam Bukar ya dube ni, ya mayar da almakashin cikin jaka ya ɗaure bakinta. Ya ce in nuna masa inda na binne ta. Muka kama hanyar lambu, ina gaba, yana biye yana tura kekensa.